Muna Yi Wa Yaron Addu'a, Wa Ke Duban Uwarsa?

A watan Janairu na 2024 ne wa'adin shekara biyar da Dokar Hana Nuna Bambanci ga Masu Nakasa ta bayar ya cika. Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa mata hannu a Janairun 2019, kuma ta ba masu gine-ginen da jama'a ke shiga wannan lokaci domin su gyara ƙofofi da matakala yadda mai keken guragu zai shiga ba sai an ɗauke shi ba. Tanadin dokar yana da kyau. Ta ce mai nakasa yana da haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare, mai nakasar ƙwaƙwalwa kuma a duba shi kyauta a asibitocin gwamnati, sa'an nan hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu nakasa. Mutumin da ya nuna bambanci zai biya tarar naira 100,000 ko ya yi wata shida a kurkuku, kamfani kuwa naira miliyan ɗaya. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuran masu nakasa, kuma James Lalu da ya fara riƙe ta da Ayuba Gufwan da ya gaje shi duka 'yan jihar Filato ne.

Sai dai wanda ya karanta dokar zai ga cewa mutumin da take tunani a kansa babba ne, mai iya fita neman aiki, mai iya kai ƙara kotu idan an ci zarafinsa. Akwai yaran da ba za su taɓa kai ƙarar kowa ba. Waɗansu ba sa magana, waɗansu ba sa iya riƙe cokali, waɗansu sun kai shekara goma ana goyon su. Duk wani haƙƙi da doka ta ba irin waɗannan yara sai ya bi ta hannun wani kafin ya iske su, kuma a gidajenmu kusan kullum wannan mutumin uwa ce. Ita ce keken guragunsa, ita ce bakinsa, ita ce malamarsa da nas ɗinsa. Babu sashe ko ɗaya a dokar da zai ba ta barcin dare ɗaya. A ikilisiya ma sau da yawa haka abin yake: sunan yaron yana cikin jerin addu'o'i, amma ba mu cika tambayar yaya uwarsa ta kwana ba.

Waɗanne yara muke nufi

Mutane sukan tara su duka a kira su da suna ɗaya, galahanga, ko kuma a ce ɗan ruwa ne. Larurorin kuwa daban-daban ne, kuma sanin bambancinsu yana rage zargi.

Akwai shanyewar gaɓoɓi da ke tasowa daga raunin da ƙwaƙwalwa ta samu tun yaro yana ciki, ko wajen haihuwa, ko jim kaɗan bayan haka. Likitoci suna kiran ta serebral falsi. A ƙasarmu manyan dalilanta sanannu ne: doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi da wuri, shawara mai tsanani a makon farko, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Jikin yaron yakan sandare ko ya yi laushi, yakan sha wuya wajen haɗiye abinci, waɗansu kuma suna da farfaɗiya a kai. Da yawa daga cikinsu hankalinsu garau yake, suna jin duk abin da ake faɗa a gabansu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu kama bakinmu idan mun je ziyara.

Akwai larurar Down, wadda ta samo suna daga wani likitan Ingila da ya bayyana ta a 1866. Ƙwayoyin gado da ke cikin jikin mutum 46 ne, biyu-biyu har jeri 23. Mai wannan larura yana da ƙari ɗaya a jeri na 21, shi ya sa ake tunawa da su ranar 21 ga Maris. Abin yana faruwa tun ranar da aka ɗauki ciki, babu abincin da uwa ta ci ko hanyar da ta bi da ta jawo shi. Kusan rabin waɗannan yara ana haifar su da matsalar zuciya, don haka suna bukatar likita ya duba su tun da wuri.

Sai kuma otizim, wadda ta fi rikita mutane domin jikin yaron lafiya lau yake. Ba ya son haɗa ido, ana kiran sunansa ba ya waigowa, magana takan yi jinkiri ko ta zo ta tafi, yakan maimaita abu ɗaya ba gajiya, ƙara mai ƙarfi ko canjin abin da ya saba kuma sukan tayar masa da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da ita. A ikilisiyar da makarantar Lahadinta ke da yara 200, kada mu yi mamaki idan akwai biyu. Idan ba mu gan su ba, mai yiwuwa suna gida ne a kulle. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2021 yara masu nakasa iri-iri a duniya sun kusa miliyan 240, wato wajen ɗaya cikin goma.

Laifin wa

Kafin uwa ta fara ɗawainiyar asibiti, ta riga ta fara ɗaukar laifi. Dangin miji sukan ce su babu irin wannan a zuriyarsu. Wata ta ce ai ta fita da tsakar rana ko ta je rafi da almuru sa'ad da take da ciki, aljani ya sauya mata ɗa. Wani ya ce ta ci amanar aure, ga hukuncin nan ya fito. Idan kuwa mijin ya ɗan samu buɗi a kasuwa, sai labari ya juya a ce an yi kuɗi da yaron. A waɗansu wurare yaron kansa ake zargi da maita ko shiga ƙungiyar asiri, kuma mun san yadda irin wannan zargi yake ƙarewa: duka, horon yunwa, ko shawarar a kai shi bakin ruwa a bar shi ya koma wurin 'yan'uwansa. Wannan kisan kai ne, ko da wane suna aka kira shi. Abin baƙin ciki shi ne waɗansu masu ba da irin wannan shawara suna cin Jibin Ubangiji tare da mu.

Ɗora wa uwa laifi bai tsaya a ƙauyukanmu kaɗai ba. Bayan da likita Leo Kanner ya bayyana otizim a Amurka a 1943, masana sun yi shekaru suna koyar da cewa sanyin zuciyar uwa da rashin nuna ƙauna ne ke jawo ta. Mata da yawa sun tsufa da wannan tabo kafin bincike ya nuna ƙarya ne, kuma gado ne ke da babban hannu a ciki. Haka aka yi da allurar rigakafi. Rahoton da ya danganta ta da otizim a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010 bayan an gano ba gaskiya a cikinsa, amma har yau ana yaɗa shi a WhatsApp, kuma uwar da ta kai ɗanta rigakafi tana karantawa tana cewa ita ta cuce shi da hannunta.

Almajiran Yesu ma da wannan tunani suka zo sa'ad da suka ga mutumin da aka haifa makaho. Zaɓi biyu kawai suka ba Ubangiji, ko zunubin mutumin ko na iyayensa, ya kuwa ƙi duka biyun (Yohanna 9:1-3). Mun san wannan nassi, muna wa'azi a kansa, amma mukan yi saurin tsallakawa zuwa wurin da idanun suka buɗe. Ku karanta surar har ƙarshe ku lura da iyayen. An kira su gaban shugabanni, suna amsa tambaya cikin tsoro kada a kore su daga majami'a. Shekara nawa suka yi ana nuna su da yatsa kafin wannan rana? Abu na farko da uwa take bukata daga bakin fastonta shi ne ya faɗa a fili, daga kan bagade, a gaban surukanta, cewa ba ita ta jawo ba. Faɗa mata a ofis a ɓoye bai isa ba, domin ba a ɓoye aka zarge ta ba.

Yadda kwananta yake, da abin da tsadar rayuwa ta ƙara

A ɗauki uwa mai yaro ɗan shekara bakwai da ba ya zama da kansa. Ciyar da shi sau ɗaya yana iya cin sa'a guda, a hankali, don kada ya shaƙe. Tana yi masa wanka, tana juya shi kada ya yi gyambo, tana wanke tsummoki idan kuɗin famfas ya gagara. Yaron yana ƙara nauyi kowace shekara, bayanta kuwa ba ya ƙara ƙarfi. Ga gona ko kasuwa, ga girki, ga sauran yara. Uwar mai otizim kuma nata daban ne: ba ta iya juya baya minti biyar, domin yaron zai iya ficewa kan titi ko ya leƙa rijiya, kuma yawancinsu ba sa barci sosai. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar da ta haifi irin wannan yaro sau da yawa takan ajiye aiki, gida ya rasa albashi ɗaya daidai lokacin da kashe kuɗi ya ninka.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu na 2023, lita da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin 100 a wannan shekarar. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, amma manomiya da mai sayar da ƙosai ba su cikin wannan lissafi. Kowa ya ji a jikinsa, sai dai waɗannan gidaje sun fi ji, saboda taimakon da suke bukata yana nesa. Masu gashin ƙashi da likitocin ƙwaƙwalwar yara suna manyan asibitoci ne, irin su asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, da Jankwano, da Shika a Zariya, da na Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da Maiduguri da Kware. Masu koyar da magana sun fi ƙaranci. Gashi kuwa ba zuwa ɗaya ba ne, mako-mako ake yi har tsawon shekaru. Uwar da ke zaune a ƙauye za ta biya kuɗin mota na mutum biyu, wani lokaci ta kwana a barandar asibiti. Idan kuɗi ya ƙare sai ta daina zuwa, ma'aikata kuma su rubuta cewa ba ta da kula. Maganin farfaɗiya ya fi haɗari, domin tsayar da shi farat ɗaya yana iya tayar da bugun da ya fi na da. Ga kuma likitoci da nas-nas suna ta barin ƙasar, har likitocin ƙwaƙwalwa da kansu sun sha faɗa cewa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200.

Akwai wani nauyi da ya shafi ikilisiyoyinmu na arewa musamman. Mefiboshet yana ɗan shekara biyar ne mai renonsa ta ɗauke shi da gudu sa'ad da labarin yaƙi ya iso, ya faɗi ya gurgunce (2 Sama'ila 4:4). Duk wanda ya ga abin da ya faru a Mangu da Bokkos a 2023, ko a Kudancin Kaduna, ko a Gwoza da kewaye a shekarun baya, ya san wannan ba tsohon labari ba ne. Idan harbi ya tashi da dare, uwar yaron da ba ya tafiya ba ta iya gudu kamar kowa. Uwar yaron da ke ihu idan ya firgita ba ta iya ɓuya tare da kowa. A sansanin 'yan gudun hijira ita ce ta ƙarshe a layin abinci don ba ta da wanda za ta bar wa yaron. Kwamitocin agaji na gundumominmu ya kamata su riƙa tambayar irin waɗannan gidaje da suna idan za a raba kaya.

Ciwon da ba a gani

Idan an yi rasuwa mun san abin yi. Muna zuwa gaisuwa, mu zauna, mu kawo abinci, mu yi waƙa, bayan kwanaki kowa ya koma gida. Uwar yaro mai larura tana makoki ne a kan ɗan da yake raye, kuma makokin yana dawowa. Yakan dawo ranar da tsaransa suka fara tafiya, ranar da suka sa kayan makaranta, ranar da aka yi musu baftisma, ranar da aka ɗaura musu aure. Tana ƙaunar ɗanta ƙwarai, tana kuma gajiya da shi ƙwarai, sa'an nan ta ji kunyar gajiyar. Akwai daren da tunani zai zo mata cewa da Allah ya ɗauke shi da kowa ya huta, sai ta tashi tana ganin kanta mafi mugunta cikin mata. Ba ta da wanda za ta gaya wa, domin ta san amsar da za ta samu ita ce ta ƙara bangaskiya.

Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna abu ɗaya: iyaye mata masu renon irin waɗannan yara sun fi sauran mata kamuwa da ciwon damuwa. A wurinmu ba ya zuwa da wannan suna. Yakan zo da ciwon kai kullum, rashin barci, hawan jini, rama, saurin fushi da sauran yara, da daina zuwa taron mata. Mukan ce ta ja da baya a ruhaniya. Kafin mu yanke wannan hukunci, mu tuna yadda Ubangiji ya bi da Iliya sa'ad da ya kwanta a ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa. Abinci da ruwa da barci aka fara ba shi, har sau biyu, kafin a yi masa magana (1 Sarakuna 19:4-8). Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince cewa wannan ciwo ne da ke da magani. Fasto da matarsa ya kamata su san lokacin da za su ce wa 'yar'uwa, bari mu raka ki wurin likita, musamman idan ta fara maganar kashe kanta ko yaron.

Sai maganar miji. Akwai maza masu aminci da suke goyon 'ya'yansu zuwa asibiti, Allah ya sa musu albarka. Amma akwai da yawa da suka janye ba tare da sun bar gida ba. Suna dawowa da dare bayan yaron ya yi barci, ba sa fita da shi, idan baƙi suka zo sai a ce a shigar da shi ɗaki. Waɗansu sun tafi gaba ɗaya, waɗansu sun nemi wata mace don a haifa musu lafiyayye. Ikilisiya takan hori mutum a kan zina da shaye-shaye. Ban san dalilin da zai sa dattawa su yi shiru a kan mutumin da ya yasar da matarsa da ɗa mai larura ba, alhali Bulus ya yi magana mai zafi a kan wanda ba ya kula da iyalinsa (1 Timoti 5:8). Wani lokaci kuma uban ba mugu ba ne, kunya ce da baƙin ciki suka kama shi, ba shi da inda zai kai su. Wannan aikin Zumuntar Maza ne. Kada mu manta da 'yar fari a irin wannan gida, wadda takan zama uwa ta biyu tun tana ƙarama, ta riƙa fashin makaranta don uwa ta je kasuwa.

Tambayar da ta fi hana su barci kuwa ita ce, idan na mutu wa zai riƙe shi?

Abin da muke yi da sunan addu'a

Mun gaskata Allah yana warkarwa, kuma Yakubu ya umarci dattawa su yi wa marar lafiya addu'a. Babu mai cewa a daina. Amma a duba abin da ke faruwa. Uwa tana yawo daga dutsen addu'a zuwa gidan annabi, ana sayar mata da mai da ruwa, ana sa ta azumin kwana bakwai alhali tana shayarwa, ana danne yaro mai otizim a tsakiyar ihu da ganguna ana cewa aljani ne ke fita, shi kuwa tsoro ne ke kashe shi. Idan ba a ga canji ba sai a ce bangaskiyarta ce ta kasa ko akwai zunubin da ta ɓoye. Ta zo da nauyi ɗaya ta koma da biyu, ga kuɗin gashi ya tafi. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya, ba a cire ba, aka ba shi alheri (2 Korantiyawa 12:7-9), kuma babu wanda zai ce Bulus ya rasa bangaskiya. Mefiboshet bai taɓa warkewa ba. Abin da Dawuda ya ba shi shi ne gonakin kakansa, da masu yi masa noma, da wurin zama a teburin sarki kullum (2 Sama'ila 9). Ku lura, tanadin ya haɗa da abin da zai ci har ƙarshen ransa.

Lokacin shaida ma yana bukatar hikima. Idan duk shaidar da ake tafa wa ita ce ta wanda ya warke, uwar da ta yi shekara goma sha biyu tana hidima ba tare da mu'ujiza ba za ta ɗauka Allah ya tsallake gidanta.

Sai ranar Lahadi kanta. Yaron ya yi ƙara, kawuna suka juyo, mai tsaron ƙofa ya zo ya raɗa mata ta fita da shi. Mako na biyu ta zauna a benci na ƙarshe. Mako na uku ta tsaya a ƙarƙashin bishiya tana jin wa'azi ta lasifika. Daga nan ba a ƙara ganin ta ba, kuma ba wanda ya kore ta da baki. Macen nan Bakan'aniya da ta zo wurin Yesu saboda 'yarta, almajirai sun so a sallame ta don tana damun su da ihu (Matiyu 15:21-28). Abin lura a labarin shi ne 'yar ce ba ta da lafiya, amma uwar wa kanta ta roƙi jinƙai da taimako. Yesu bai ce mata ta yi kuskure ba.

Abin da ke hannunmu

Ikilisiyoyinmu ba baƙi ba ne a wannan aiki. Makarantar makafi ta Gindiri da mishan suka buɗe a 1953 ita ce ta farko a Najeriya, kuma kowa ya san hidimar da aka yi wa kutare. Abin da ya rage shi ne mu ga cewa waɗannan yara da iyayensu mata su ne aikin da ke gabanmu yanzu, kuma mafi yawansa ba ya bukatar gini.

Abin da uwa ta fi bukata, wanda kuma ba ya cin kuɗi, shi ne hutu. Sa'a uku a mako da wani amintacce zai zauna da yaron, ita kuma ta yi barci, ko ta je kitso, ko ta zauna a sujada daga farko har albarka. Cewa "ki kira ni idan kina bukatar wani abu" ba ya aiki, ba za ta kira ba. Sai an tsara. Zumuntar Mata da take iya tsara girkin biki na mutum ɗari biyar ba za ta kasa rubuta sunayen mata shida da ranakunsu ba. Su fara zuwa tare da uwar a gida su koyi yadda ake ciyar da yaron, yadda ake ɗaga shi, abin da ke tayar masa da hankali, da abin yi idan farfaɗiya ta tashi: a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, idan ta wuce minti biyar a nufi asibiti. A riƙa tura mutum biyu, kuma waɗanda aka sani sosai, domin yaran da ba sa magana su ne masu lalata suka fi nema. Sa'ad da gunaguni ya tashi a Urushalima cewa ana manta waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su tsaya ga wa'azin ƙauna ba, mutum bakwai aka zaɓa aka danƙa musu aikin (Ayyukan Manzanni 6:1-6). A nan ma ya kamata a sa wani dattijo ko dikon da sunansa, wanda majalisa za ta tambaya kowane wata.

Na biyu shi ne a haɗa su da juna. Babu mai fahimtar irin wannan uwa kamar wadda take cikin hali ɗaya. Ikilisiya ɗaya tana iya samun biyu ko uku kawai, amma gunduma za ta tara ashirin. A ba su ɗaki sau ɗaya a wata, matasa su riƙe yaran a ɗaki na kusa, a biya musu kuɗin mota daga baikon taimako, a bar su su yi magana ba tare da wani ya gyara musu tauhidi a kowace jimla ba. Ana iya gayyatar nas ko mai gashin ƙashi daga cikin membobi ya koya musu motsa jikin da za su yi a gida, abin da zai rage yawan tafiya asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani shiri na koyar da masu reno yadda za su yi amfani da wasa da ayyukan gida wajen koya wa yaro sadarwa, an kuma tsara shi ne don waɗanda ba ƙwararru ba su iya koyar da shi. Jami'ar Jos tana da sashen ilimin masu bukata ta musamman, ɗalibansa da yawa 'ya'yanmu ne, suna zaune a ƙungiyar mawaƙa ba wanda ya taɓa neman iliminsu. Su ne za su taimaki malaman makarantar Lahadi. Makarantun ikilisiya kuma su sani cewa mayar da yaro gida don kawai yana da larura ya saɓa wa dokar 2019 ɗin nan.

Game da tambayar wa zai riƙe shi, dattawa za su iya zama da dangi tun iyaye suna da rai, a rubuta wanda zai ɗauki yaron da rabon gadonsa, a sa hannu a gaban shaidu.

Akwai kuma abin da za a iya hanawa tun farko, kuma matan zumunta su ne suka fi kusa da mai jego. Naƙudar da ta daɗe a gida a kai ta asibiti. Jaririn da idonsa ko fatarsa ta yi rawaya, musamman a rana ta farko ko ta biyu, ko ya daina kama nono, a kai shi a ranar. Shanya shi a hantsi da ba shi ruwan gulukos ba sa maganin shawara mai tsanani, a asibiti akwai fitila ta musamman da ake sa shi a ƙarƙashinta, idan ta yi yawa a canza masa jini. A cire kafur daga akwatin kayan jariri, domin yana fasa jinin waɗansu jarirai ya jawo shawarar. Idan yaro ya kai wata 9 bai zauna ba, ko wata 18 bai yi tafiya ba, ko shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, kada a ce ai kawunsa ma haka ya yi jinkiri. A kai shi a duba, a fara da gwajin ji, kuma wata daga cikin zumunta ta raka uwar, don kada ta ji sakamakon ita kaɗai a barandar asibiti.